Likita Mai Shan Taba da Taron Sauyin Yanayi

Duk ƙarshen shekara, da zarar shugabannin duniya sun hallara taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, gardama ɗaya ce ke dawowa teburin mai shayi da shafukan Facebook: wai duk zancen ƙarya ce ta Turawa, ga su nan ma suna sauka a jiragensu na ƙashin kai suna ƙona mai.

Masu faɗar haka suna da abin kamawa. Taron Dubai na 2023, Sultan al-Jaber ne ya shugabance shi, shugaban kamfanin man fetur na Abu Dhabi. Shekara na zagayowa aka koma Baku, inda mai masaukin baƙi, Ilham Aliyev, ya tsaya gaban mahalarta ya ce mai da gas kyauta ce daga Allah. Dala biliyan 100 da ƙasashe masu arziki suka yi alkawari tun 2009 cewa za su riƙa bayarwa duk shekara daga 2020, ba ta cika ba sai 2022, kuma kaso mai tsoka bashi ne. A Baku ƙasashe masu tasowa suka nemi tiriliyan 1.3, aka ce biliyan 300, ita ma sai nan da 2035. Mu ma ba mu fita ba: sunaye 1,411 aka rubuta ƙarƙashin Najeriya a Dubai, gwamnati ta kare kanta da cewa mutum 422 kaɗai ta ɗauki nauyi. Kaɗai fa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne tsallen da ake yi daga nan zuwa cewa ɗumamar ma babu ita. Likita ya ce maka taba na lalata huhu, da yamma ka gan shi bayan asibiti yana zuƙa. Ka kama shi da munafunci, amma huhunka bai san wannan labari ba.

Na'urar awo ba ta zuwa taro. Tun 1958 ake auna iskar kabon a kan dutsen Mauna Loa na Hawai. Lokacin tana wajen kashi 315 cikin miliyan, yau ta haura 420. Kafin zamanin masana'antu 280 ce. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Masanan kamfanin Exxon kansu sun gano inda aka dosa tun ƙarshen shekarun 1970, wato masu sayar da man ma sun sani.

Wurin da mutane suka fi ruɗewa shi ne taruwa. Wannan iska ba ƙurar hunturu ba ce da ruwan farko zai wanke. Wani kasonta kan daɗe ɗaruruwan shekaru a sama. Kamar kunkunniyar ɗakin girki take: baƙin da ke rufin ba girkin yau ya yi shi ba, har da na kaka. Ko randa da ake cikawa da bokiti tana yoyo da ɗigo. Ko ka koma zubawa da moɗa, ruwan hawa yake yi. Shi ya sa ake rigima kan wanda zai biya. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da abin da ya wuce kashi 4 cikin 100 ba, amma ɗakin ɗaya ne, hayaƙin kuma ba ya tambayar wanda ya hura wutar.

Akwai kuma munafuncin gida, wanda ba a cika tada shi ba. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024 ta shanye unguwannin Maiduguri, kalmar sauyin yanayi ta yi saurin zuwa bakin jami'ai. Gaskiya ne iska mai ɗumi ta fi ɗaukar danshi, kusan ƙarin kashi 7 cikin 100 a kan kowane digiri, don haka ruwa kan zo da ƙarfi. Amma ba taron Baku ne zai duba tsagar madatsa ba, kuma ba shi ya cika kwatar unguwarmu da ledar ruwa ba.