Kujerar Tsugunno: Matsayin Sassaƙa a Fagen Fasaha

An saba ɗaukar kujera da gado a matsayin kayan amfani kawai, ba a lissafa su cikin ayyukan fasaha. Amma wanda ya dubi kujerar tsugunno, wadda mata ke zama a kanta wajen girki a ƙauyukan ƙasar Jibiya irin su Farfaru, daura da iyakar Nijeriya da Nijar, zai ga akwai gyara ga wannan ra'ayi.

Da farko ya kamata a bambance masassaƙi da kafinta. Shi kafinta, wanda sunansa ma aro ne daga Ingilishi, yakan yanka katako ya haɗa shi da ƙusa, in ya yi kuskure ya cire ya sake. Masassaƙi kuwa gungumen itace guda yake fuskanta, da gatari da gizago. Ba ya ƙara kome, sai dai ya rage, kuma abin da ya sare ya tafi ke nan. Watau tilas ne siffar kujerar, da mazauninta da ƙafafunta, ta kammala a zuciyarsa kafin sara na farko. Bayan haka yakan ƙawata ta da zanen da ake ƙonawa da ƙarfe mai zafi. Ta wannan hanya ce kuma ake fitar da turmi da akushi.

Abin lura shi ne, masu fasahar kayan ɗaki a Amurka sun nemi wannan tafarki da gangan. Alal misali, Wendell Castle (1932–2018) ya shahara tun shekarun 1960 wajen manna falankai su zama gungume, sa'an nan ya sassaƙe kujera daga ciki. Yau ayyukansa suna gidajen adana kayan fasaha.

Amma fa sana'ar tana cikin matsi. Manyan itatuwa irin su ƙirya sun yi ƙaranci a arewacin ƙasar Katsina, ga kuma kujerun roba masu araha sun cika kasuwanni. Idan sana'a ta gushe, kalmominta ma sukan bi ta. Saboda haka wajibi ne manazarta su zauna da masassaƙa, su rubuta sunayen kayan aikinsu da na zanensu, tun masu sanin suna raye.