Ajiye mesa a gida: abin da ya kamata mazauna Kirkissoye su sani

Duk wanda ya ƙetare gadar Kenedi ya nufi Harobanda, ya gangara wajen Kirkissoye, ya san irin unguwar da muke magana a kanta: gidajen laka da na siminti manne da juna, katanga ɗaya ce tsakanin maƙwabci da maƙwabci, ga fadamun shinkafa shimfiɗe har bakin kogin Isa, ga kaji da awaki da yara ƙanana suna kai da kawowa tun safe har magariba. A irin wannan wuri, mutumin da ya ce zai ajiye mesa cikin gidansa, ko don sha'awa ko don neman abinci, ya yanke shawara ne a madadin dukan maƙwabtansa, alhali kuwa bai tambaye su ba.

Riƙon maciji ba baƙon abu ne ba a ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni gardawa suke yawo kasuwa-kasuwa da mesa rataye a kafaɗa, wasu har da kura da biri, suna wasa suna sayar da maganin sara. Amma gardi gadon sana'ar ya yi, tun yana yaro yake ganin yadda ake kama ta da yadda ake sakinta. Wanda ke ba mu tsoro shi ne saurayin da ya ga hoton Bature rungume da mesa cikin wayarsa, ya sayi ɗiyarta wadda ba ta fi kamu biyu ba, ya sa ta cikin kwali a ƙarƙashin gado.

Mesar ƙasarmu, wadda masana ke kira Python sebae, ita ce mafi girman macizan Afirka. Tsawon metir 3 zuwa 4 ba abin mamaki ne ba gare ta, kuma akan sami wadda ta zarce metir 5. Ba ta da dafi. Da haƙora masu lanƙwasa baya take cafke abin da ta kama, sa'an nan ta naɗe shi ta matse har jini ya daina gudana, ya mutu cikin ƴan mintoci. Kada a rikita ta da ƙaramar mesar da masu yawon buɗe ido ke ratayawa a wuya a ɗakin tsafin macizai na garin Wida, ƙasar Benin: waccan da ƙyar take wuce metir ɗaya da rabi, kuma in ta tsorata dunƙulewa take yi. Tamu kuwa an san ta da zafin rai, kuma tsare tana iya rayuwa fiye da shekara 20.

Ga wanda ke ganin muna ƙara gishiri, ga abin da ya faru a garin Campbellton na ƙasar Kanada cikin watan Agusta na 2013. Yara biyu, wa da ƙane, ɗaya shekara 6 ɗaya shekara 4, sun je kwana gidan wani abokin iyayensu mai shagon sayar da dabbobi. Cikin gidan akwai mesar Afirka mai nauyin kilo 45, rufe cikin keji na gilashi wanda ya kai har rufin ɗaki. Da dare ta bi ta kafar shan iska wadda ba ta da marufi, ta shiga bututu, bututun ya karye da ita, ta faɗo ɗakin da yaran ke barci. Da gari ya waye an tarad da su duka biyu babu rai. A 2016 kotu ta wanke mai gidan, wanda ya ɗauka cewa macijiyar ta fi ƙarfin wannan kafa. To, a ƙasar da ake da gilashi mai kauri da ma'aikatan bincike ke nan.

Darasin farko dai shi ne, duk kafar da kan mesa ya shiga, sai a ɗauka jikinta ma zai bi. Saboda haka kwando, ko akwatin katako, ko tanon da aka aza wa dutse bisa marufi, ba mazauninta ne ba. Babbar mesa ɗaki take bukata na kanta, ginin siminti ƙasa da bango, wanda tsawonsa ya kai ta miƙe sosai. Ginin laka ba ya yi, domin ɓeraye na huda shi, damina kuma na cinye gindinsa. A rufe sama da silin mai ƙarfi, tunda mesa gwanar hawa ce, tana kuma iya ɗaga kwanon da ƙusarsa ta yi sako-sako. Taga da kafar iska da magudanar ruwa, kowace a sa mata ragar ƙarfe wadda maƙeri ya yi wa walda. Ƙofa kuwa biyu ake yi, ɗaya bayan ɗaya, ba a buɗe ta ciki sai an rufe ta waje, kowace da kwaɗonta, mabuɗin kuma ba ya kwana inda yaro zai kai hannu.

Sai batun zafi da sanyi, wanda mutane ba su cika kula da shi ba. Maciji ba ya iya daidaita ɗumin jikinsa da kansa, sai dai ya sake wuri. Abin da ya fi dacewa da mesa shi ne awo 26 zuwa 32. A Yamai cikin watan Afrilu zafi na wuce awo 40 a inuwa, balle ƙarƙashin kwano; mesar da ba ta da kwamin ruwan da za ta nutsa ciki tana iya mutuwa cikin yini ɗaya. Da hunturu kuma, daren Disamba da Janairu, sanyi na sa mata ciwon huhu, ta ƙi cin abinci.

Mafi yawan haɗurra wajen ba da abinci suke aukuwa. Mesa ba da ido kaɗai take farauta ba, tana bin wari da harshenta, tana kuma jin ɗumin jiki da wasu ƴan ramuka da ke bisa leɓɓanta. Wanda ya taɓa kaza ko zomo sa'an nan ya miƙa hannu cikin ɗakinta, a wurinta shi ne kazar. Da dogon awartaki ake miƙa mata abinci, kuma babbar mesa sau ɗaya ko biyu a wata ya ishe ta. Idan ta wuce metir 2 da rabi, ƙa'idar masu kiwonta ita ce mutum ɗaya ba ya shiga wurinta shi kaɗai, kuma ba a aza ta a wuya ko da wasa. In ta naɗe mutum, daga wutsiya ake fara warware ta. In ta ciza, ba a fizge hannu, gama haƙoran za su yage nama. Bugu da ƙari, kashinta na ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi, don haka ruwan wankin ɗakinta bai kamata ya bi ta tsakar gida inda yara ke rarrafe ba.

Akwai kuma wata damuwa da ta shafi Kirkissoye fiye da unguwannin tudu. A 2012, da kuma 2020 lokacin da ruwan kogi ya kai kusan metir 7 a ma'aunin Yamai, ambaliya ta mamaye unguwannin Harobanda, dubban mutane suka bar gidajensu, wasu cikin dare. Mai gudun ceton iyalinsa ba zai tsaya ɗaukar macijiya mai kilo 40 ba. Bango in ya faɗi ta fita, ita kuwa ruwa gidanta ne, sai ta ɓulla inda Allah ya nufa, wataƙila cikin makarantar da aka tsugunar da waɗanda ruwa ya kora.

Ta fannin doka, mesa naman daji ce, ba kaza ko tunkiya ba. Doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ita ce ta tsara farauta da kare namun daji a Nijar, kuma kama su ba ya halatta sai da takardar izini daga hukuma. Cinikin mesa tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973. Amurka ma, bayan da mesar ƙasar Bama da masu kiwo suka saki ta yaɗu cikin fadamun Everglades na jihar Florida tana cinye namun wurin, ta hana shigo da ita da ta Afirka a 2012.

Wanda ya riga ya ajiye mesa, ya ga ta fi ƙarfinsa, kada ya kai ta fadamar shinkafa da dare ya saki, domin manoma ne za su taka ta da asuba. Ya nemi ma'aikatan ruwa da gandun daji ya miƙa musu ita. Wanda kuma sha'awar kallon namun daji ce kawai ke damunsa, gidan tarihi na ƙasa na Bubu Hama, wanda aka kafa tun 1959, yana nan ƙetaren gada da gidan namun dajinsa, ya kwashi yara ya kai su ranar hutu.