Direban da bai taɓa mallakar mota ba

Mahaifinmu ya yi tuƙin babbar mota tun yana saurayi har zuwa lokacin da idonsa ya fara gazawa, amma ko taya guda bai taɓa mallaka ba. Motocin duk na wani Alhaji ne a Funtuwa, mu kuwa muna wani ƙauye can ciki, inda kwalta ba ta kai ba. Sai da ya rasu muka san dalilin da ya sa ya ƙare rayuwarsa yana ja wa wani.

Da karen mota ya fara, a wata Bedford mai bodin katako. Shi ne wanke mota, shi ne ɗaure tamfol, shi ne ɗebo ruwan lagireto, in kuma mota ta tsaya a kan tudu ya diro a guje ya sa weji. Da kaka sukan kwaso auduga daga kasuwannin ƙauye zuwa injin gurza na Funtuwa, gyaɗa kuma a kai Kano inda ake jera buhuna a yi dala. Bai daɗe da karɓar lasin ba Nijeriya ta sauya hannun tuƙi, ranar 2 ga Afrilu, 1972, aka bar hagu aka koma dama. Baba ba ya gajiya da ba da wannan labari. Sitiyarin motarsa yana dama, ga shi an mayar da shi gefen dama na titi, in zai wuce wata mota ba ya hango abin da ke tafe. Dole yaron motarsa ya leƙa ta tagar hagu ya ce masa "Shiga, oga!" ko "Koma!" Yakan ce watanni ya yi yana tuƙi da idon wani.

Bayan farin 1973 da cutar da ta cinye gyaɗa a 1975, lodin Kano ya mutu. Alhaji ya sayo Marsandi 911, aka juya akala zuwa Kurmi. Masara, wake, albasa, wani lokaci shanu. A tashi daga Funtuwa a bi ta Birnin Gwari, Tegina, Makwa, a tsallake gadar Jebba, sai Ilori, Ogbomosho, Badun, har Ikko. In ya tafi sai ka ga an yi sati biyu ba a gan shi ba, don sai ya jira lodin dawowa. Mu yara mun san odarsa tun daga bakin rafi. Yakan sauko da warin gas da na albasa, idanu jajir, ya miƙa wa Inna galan na manja da ƙunshin goro, mu kuma burodin Agege da ya riga ya kwanta saboda an zauna a kansa. Ba mutum ne mai wasa da yara ba, gaskiya. Amma kafin ya kwanta sai ya sa kowannenmu ya ɗauko allonsa ya biya masa, ko da barci na fizgarsa.

Garinmu babu banki, babu gidan waya. Samarinmu kuwa da an gama girbi sai su gangara ci-rani: masu gadi a Agege, masu dako a kasuwar Mile 12, 'yan ga-ruwa a Idi Araba. Duk wanda zai aiko da kuɗin gida Baba yake nema a tasha. Bai yi boko ba, da ajami yake rubuta sunan mai aike da na wanda za a ba a wani ɗan littafi da maiƙo ya baƙanta, kowane kuɗi kuma ya ƙulle shi a ƙyallensa daban. Bai taɓa cire ko kwabo ba. Kuɗin sadaki, na takin zamani, na ragon suna, duk ta hannunsa suke zuwa.

A ƙarshen mulkin Shagari, wata tafiya gab da faɗuwar damina, lokacin da aike ya fi yawa, ya dawo a makare da hannu a ɗaure. Ya ce mana jak ne ya zame ya danne shi. Kwana biyu bayan haka ya bi gida gida ya raba wa kowa saƙonsa cif-cif, kamar yadda ya saba.

Bayan rasuwar Baba, ranar sadakar uku ne yaron motarsa na wancan lokaci, wanda yanzu shi ma ya yi furfura yana jan tankar mai, ya faɗi abin da ya faru a gaban jama'a. Tsakanin Tegina da Birnin Gwari 'yan fashi suka gindaya itace a hanya cikin dare. Suka sauke su, suka kwantar da su rub da ciki, suka zazzage gaban mota. Da suka ɗauko jakar aiken Baba ya miƙe ya riƙe ta, yana cewa, "Wannan ba tawa ba ce, ta marayu da tsofaffi ce." Da gindin bindiga suka karya masa hannu. Littafin ajamin kaɗai ya tsira, don yana aljihun 'yar cikinsa.

Ashe shekara da shekaru yana barin wani kaso na albashinsa a wurin Alhaji, bisa alkawarin in sun kai za a sayar masa da tsohuwar 911 ɗin. Saura kaɗan su cika. Bai biyo gida ba sai da ya tsaya Funtuwa ya karɓe su duka, ya zauna da littafin ya sake ƙulla kowane ƙyalle. Da suka gaza, Inna ta sayar da awakinta da jeren kwanukan ɗakinta aka cike. Ya sa yaron ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba muddin yana raye.

Baba ya sake fara tarin kuɗi, amma zamani bai jira shi ba. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP, naira ta karye, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo. Kuɗin da a da zai sayi mota ya koma bai wuce na tayoyi ba. Daga nan bai ƙara ta da zancen ba.

Da yaron ya gama, liman ya ce a shari'a wanda aka ba ajiya ba ya biya in ta salwanta ba da sakacinsa ba, ballantana fashi. Wannan magana ta ƙona wa Yayanmu rai. Shi ne aka cire daga makarantar kwana a shekarar saboda babu kuɗi, kuma har yau yana ganin Baba ya ɗora wa kansa da mu abin da Allah bai ɗora masa ba. Ban ga laifin Yaya ba, don shi ya biya kaso mafi tsoka. Da dare ya shiga wurin Inna, ni ina biye.

"Inna, ashe kin sani kika yi shiru?"

"Na sani," in ji ta. "Ai na ce masa ya tara mutane ya gaya musu. Ya ce rabi za su yarda, rabi kuma za su ce da shi aka haɗa baki, kuma ku za a riƙa nunawa a gari ana cewa ga 'ya'yansa nan. Daga nan ne na shiga ɗaki na fara sauko da kwanukan."