Barkwanci da Harshen Masana: Daga Latin na Turai zuwa Larabcin Zaure

Kusan duk al'ummar da ta keɓe wani tsohon harshe domin ilimi da ibada da shari'a, takan kuma samar da wani nau'in raha da ke bin wannan harshe a baya, domin wanda ya mallake shi yakan sami girma da abin hannu, shi kuwa girma yakan jawo masu kwaikwayo da masu da'awar ƙarya. A Turai harshen da ya riƙe wannan matsayi shi ne Latin, wato harshen mutanen tsohuwar daular Rum, wanda ya ci gaba da zama harshen coci da jami'a da likitanci ƙarnuka da dama bayan an daina goyon yara da shi. A ƙasar Hausa kuwa Larabci ne, kuma mazauna Kamba da Bagudo suna zaune ne a mahaɗar gadon biyu, domin Faransancin da suke ji a bakin jami'an iyaka a Gaya ta Nijar da Malanbil ta Jamhuriyar Benin daga Latin ya tsiro, Larabcin da suke ji a zaurukan malamai kuma gado ne na ƙasar da Gwandu ta yi suna a cikinta wajen karatu.

Yi wa mai karatu dariya ya girmi coci da jami'a. Tsohon kundin barkwanci da ya iso wannan zamani daga duniyar Girka da Rum shi ne Filogelos, wanda aka tattara da Girkanci wajen ƙarni na 4 ko na 5 na Miladiyya, yana ɗauke da labarai kimanin 265, kuma gwarzon da yawa daga cikinsu wani ɗalibi ne da karatu ya cika masa kai amma dabarar zaman duniya ta kuɓuce masa. Shi ne aka ce ya yi niyyar koya wa jakinsa zama ba ci, da jakin ya mutu sai ya yi ta baƙin cikin cewa ya rasa shi daidai lokacin da ya ƙware.

Da Latin ya zama tsanin samun muƙami, sai rahar ta koma kan harshen kansa. A 1517 wani ɗan Italiya mai suna Teofilo Folengo ya fitar da doguwar waƙa mai suna Baldus, inda ya riƙa ɗaukar kalmomin ƙauye yana liƙa musu ƙarshen kalmomin Latin, ta yadda mai sauraro zai ji amon ilimi alhali zancen na ciki ne da kicin. A Faransa, marubucin wasan kwaikwayo Moliyer ya rufe wasansa na ƙarshe, na 1673, da bikin yaye likita da aka gudanar da gurɓataccen Latin, inda ɗalibin yake ba kowace cuta magani iri ɗaya, manyan likitoci kuma suna yaba masa. Abin da ake suka a nan shi ne mutumin da ya mayar da harshen da jama'a ba su ji mayafin jahilcinsa.

Irin wannan fasaha tana da tsohon gida a ƙasar Hausa, wato 'yankamanci, sana'ar masu barkwanci da ke yawo kasuwanni da wuraren biki. Ɗan kama yakan ɗauki muryar mai wa'azi da saukar numfashinsa da yadda yake jan kalma, ya kawo lafazi mai kama da Larabci, sannan ya fassara shi da zancen tuwo da fura da nama, har ya yi wa marowaci gargaɗi mai tsanani, ya yi wa mai kyauta bushara. Wani mai bincike, C. G. B. Gidley, ya wallafa nazari kan wannan sana'a a 1967. Haka nan a wasannin tashe, waɗanda yara kan fara bayan azumi ya kai kwana goma, akwai wanda yaro ke shigar malami da gemun auduga da allo, abokansa suna tuhumarsa da yin rawa, yana musu, daga bisani ya taka.

Rubutaccen adabi ma bai bar wannan fage ba. A cikin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, jarumin labarin, Alhaji, ya yi da'awar malanta a wani gari, da wani mai suna Malam Zurƙe ya nemi tona masa asiri sai Alhaji ya zana wata lanƙwasa a ƙasa ya nemi a faɗi ko mece ce. Zurƙe ya ambaci harafi, Alhaji ya ce jinjirin wata ne, jama'a kuma suka goyi bayan wanda amsarsa ta yi daidai da abin da idonsu ya sani. Labarin yana sukar maƙaryacin malami, yana kuma sukar taron da ba ya iya bambance masani da mayaudari.

Malaman zaure da kansu sun san daɗin wannan raha, domin daga cikin littattafan da ɗalibin lugga ke karantawa akwai Maƙamatul Hariri, na Hariri mutumin Basra wanda ya rasu a 1122. Littafin ƙissoshi 50 ne na Abu Zaid Saruji, wani mai fasahar baki da ke sauya kama daga gari zuwa gari yana raba mutane da kuɗinsu da zaƙin Larabci, kuma da wannan dambarwa tasa ɗalibai ke haddace kalmomi masu wuya. A ƙasar da Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a Gwandu a 1829, ya tsara Bahrul Muhiɗ a fannin nahawu, wato ilimin ginin jumla, da Hisnur Rasin a fannin sarfu, wato ilimin jujjuyawar kalma, kunnen da ke gane kuskuren wasali ya daɗe da samuwa, kuma sai da irin wannan kunne barkwancin ke ba da dariya sosai.

Akwai bambanci babba tsakanin gadon biyu. Latin ya rasa masu magana da shi a gida, alhali Larabci yana raye, kuma shi ne harshen Alƙur'ani, saboda haka rahar da ta dace a wurin Musulmi ita ce wadda ta tsaya kan halin mutum, kamar kwaɗayi da fankama da neman suna, ba ta kusanci aya ko hadisi ba. Matuƙar an kiyaye wannan iyaka, barkwancin yana yi wa ilimi hidima, domin yana koya wa talaka ya nemi ma'ana kafin ya miƙa wuya ga amo, ko amon Larabci ne, ko na dogon Turanci, ko na Faransancin bakin iyaka.

'Yan kama suna raguwa, kuma mafi yawan abin da suka ƙaga a baki yake, bai shiga takarda ba. Ya kamata sassan nazarin Hausa na jami'o'in Sakkwato da Birnin Kabi, tare da gidajen rediyon yankin, su naɗi abin da ya saura a bakin tsofaffin masu sana'ar a kasuwannin Kamba da Bagudo da maƙwabtansu, su adana shi da Hausa da Dandanci yadda aka faɗe shi, tun masu shi suna raye.