Yadda Ake Mayar da Kazar da ta Warke Cikin 'Yan'uwanta

Gabatarwa

A unguwar Gamboru da ke Maiduguri, kamar sauran unguwannin birnin, kiwon kajin gida yana hannun mata da yara ne. Kaza ita ce asusun uwargida: da ita ake fita kunyar baƙo, ita ake kai wa kasuwa idan kuɗin magani ko na makaranta ya taso. Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumba na 2024 ta yi wa gidaje da yawa asarar dabbobi, wasu kuma sun sake kafa kiwonsu ne da kajin da suka sayo ɗai-ɗai a kasuwa. Irin wannan haɗin gambiza yakan zo da cututtuka, don haka ware kaza marar lafiya abu ne da masu kiwo da yawa suka sani. Abin da ba a cika bayyana musu ba shi ne yadda za a mayar da ita bayan ta samu sauƙi.

Haɗari biyu ne a cikin wannan aiki. Na farko, kazar tana iya komawa da ƙwayar cutar ta yaɗa wa sauran. Na biyu, sauran kajin suna iya yi mata taron dangi har su halaka ta.

Wace cuta ce ta kama ta?

Wannan ita ce tambayar da malamin gona zai fara yi, domin amsarta ce ke yanke hukunci. Kazar da aka ware saboda rauni, kamar cizon kare ko muzuru, ko karaya, ko galabaita saboda zafin bazara, ba ta da abin da za ta shafa wa wata. Da zarar ciwon ya rufe za ta iya komawa.

Cutar ƙuraje, wadda ke fitowa a zanko da fuska, takan warke cikin mako biyu zuwa huɗu. Amma ƙwayar cutar tana cikin ɓawon ƙurajen, kuma takan yi watanni a raye a cikin ɓawon da ya zube ƙasa. Saboda haka a jira sai ɓawon ya faɗi gaba ɗaya, a share wurin, a ƙone sharar. Kazar da ta yi zawon jini kuwa tana iya komawa bayan ta gama shan magani kuma kashinta ya daidaita, muddin an gyara akurki ya bushe, tunda damshi ne ke raya wannan cuta.

Cutar Niyukasul, annobar da ta fi kowace kashe kajin gida a ƙasar nan musamman da hunturu, tana buƙatar ƙarin haƙuri. Kazar da ta tsallake ta takan ci gaba da fitar da ƙwayar cutar ta numfashi da kashi na wasu kwanaki bayan ta miƙe. A bar ta a ware aƙalla mako uku daga ranar da alamun suka ɗauke. Wata takan rage da murɗaɗɗen wuya. Wannan lahani ne da cutar ta bari a jijiya, kuma irin wannan kaza da wuya ta iya ƙwatar abinci a cikin taro.

Akwai kuma cututtukan da warkewa daga gare su warkewar ido ce kawai. Farin kashi, da kwalarar kaji, da murar nan mai kumbura fuska da liƙe ido, da tarin da ba ya jin magani, duk suna barin ƙwayarsu a jikin kazar da ta tashi, sau da yawa har iyakar rayuwarta. Tana ci tana sha, har tana ƙwai, amma ita ce ma'ajiyar cutar. Da zarar sanyi ya shigo, ko an kawo sababbin kaji, ko 'yan tsaki sun fara girma, sai ciwon ya sake ɓarkewa mai gida yana mamakin inda ya fito. Farin kashi da tari ma suna bi ta cikin ƙwai su kama tsako tun bai ƙyanƙyashe ba. Shawararmu a nan ita ce kada a mayar da irin wannan kaza. A ci gaba da tsare ta ita kaɗai, idan kwanakin jira na magani sun cika kuma ta murmure sosai, a yanka ta a gida. Mun san abin yana da wuya ga matar da ta yi mako biyu tana jinyarta, amma sabo da kaza ba ya hana yanka. Kai ta kasuwar Gamboru ko Kasuwar Litinin kuwa mayar da matsalar ne gidan wani.

Murar tsuntsaye ba ta cikin wannan lissafi ko kaɗan. Ta fara ɓulla a Nijeriya a watan Fabrairu na 2006 a Jihar Kaduna, ta sake dawowa a 2015, kuma tana iya kama mutum. Idan kaji suna mutuwa farat ɗaya da yawa, zanko ya kumbura ya yi shuɗi, kada a yi jinya, kada a yanka, kada a sayar. A sanar da ofishin likitan dabbobi na jiha nan take. Inda aka kasa bambance cutar, a kai kazar ko gawarta ga likitan dabbobi. Jami'ar Maiduguri tana da asibitin koyarwa na dabbobi.

Alamun cikakkiyar warkewa

Kada a yi gaggawa don an ga kaza ta tashi ta fara tsattsaga. A duba ko tana cinye abincinta da kanta, idanunta garau, hanci ba majina, numfashi ba ƙara, gashin gindinta a bushe. A saurari numfashinta da dare lokacin da gida ya yi tsit, domin a lokacin ne ake jin ƙarar da rana ke ɓoyewa. A ɗaga ta a shafa ƙashin ƙirjinta: idan ya fito kamar wuƙa, ba tsoka a gefensa, da sauranta. A ƙara mata tsaki da dusa da ɗan abin gina jiki kamar gara ko garin kifi. A buɗe ƙarƙashin fukafukai a nemi ƙwarƙwata, saboda kaza marar lafiya takan daina wankan ƙasa, ƙwari su yi mata yawa.

Idan an ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta, a karanta takardar maganin. Akwai adadin kwanakin da aka rubuta waɗanda ba a cin ƙwanta ko namanta a cikinsu.

Dalilin da 'yan'uwanta ke saran ta

Kaji suna da tsarin girma a tsakaninsu. Kowace ta san wadda za ta sara da wadda za ta kauce wa, kuma wannan tsari ne ke raba wurin ci da wurin kwana. Wani masani ɗan ƙasar Norwe, Thorleif Schjelderup-Ebbe, ya bayyana wannan hali a rubuce a farkon shekarun 1920, kodayake duk tsohuwar da ta daɗe tana watsa tsaba ta riga shi sani. Idan kaza ta yi makonni ba ta nan, wata ta gaje matsayinta, sauran kuma sukan ɗauke ta baƙuwa. Ga ta kuma ba ƙarfi. Sannan kaji suna bin jan abu da sara, don haka ɗigon jini ɗaya ya isa ya jawo mata garken duka. Duk ciwon da bai gama rufewa ba a shafa masa shuɗin maganin nan da ake kira ji-bi, wanda ke busar da ciwo kuma yake ɓoye jan.

Yadda za a haɗa su

A fara da gani ba taɓawa. A kifa mata babban kwando mai ramuka, ko a sa ta a kejin waya, a ajiye a tsakar gida inda sauran ke kiwo, na kwana uku zuwa bakwai. A riƙa watsa tsaba kewaye da kwandon domin su saba cin abinci kusa da juna. A nan sai a yi hattara da ranar Maiduguri: daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40, kuma kazar da ke cikin kwando ba ta da ikon bin inuwa. A ajiye ta a gindin dogon yaro ko ƙarƙashin rumfa, a lura da yadda inuwar ke juyawa, ruwa kuma kada ya yanke mata. Idan ta daɗe a cikin ɗaki lokacin hunturu, a riƙa fito da ita da hantsi ana mayar da ita da yamma na kwana biyu ko uku kafin ta fara kwana a waje.

Wata dabara mai amfani ita ce a sa mata kaza ɗaya mai sanyin hali su yi kwana biyu tare, domin idan an sake su biyu saran yakan rabu. Wannan ya dace ne da wadda aka ware saboda rauni, ko wadda kwanakin tsaronta suka riga suka cika.

Ranar haɗawa, a jira bayan sallar isha'i lokacin da kaji suka kwanta, a sa ta cikin akurki a hankali ba tare da haska fitila ba. Kaji ba sa gani sosai cikin duhu, ba sa faɗa. Amma a buɗe akurkin tun da asuba, domin idan gari ya waye suna kulle ba ta da wurin gudu. A ajiye mazubin abinci da na ruwa a wurare biyu ko uku nesa da juna, yadda babbar kaza ba za ta iya tsare su duka ba. A jingina tsohon faifai ko guntun zana a bango ta samu maɓoya.

Sara ɗaya ko biyu da ɗan kora ba abin damuwa ba ne, yakan lafa cikin 'yan kwanaki, kuma yawan shiga tsakani yana tsawaita shi. Abin da ba za a bari ba shi ne jini, ko a hana ta ci da sha, ko ta lafe a lungu yini guda. Da yamma a taɓa jakar abincin da ke gindin wuyanta. Idan wayam take, ba ta samu ci ba. Idan kaza ɗaya ce ke jagorantar saran, ita za a kama a kife kwana uku, a bar mai murmurewa a waje. Zakara mai yawan bin ta shi ma a ɗaure shi na ɗan lokaci.

Akurki da rigakafi

Kafin a sake amfani da wurin jinya, a kwashe kashi da shimfiɗa a ƙone ko a binne, a wanke mazubai da sabulu a shanya su a rana, a barbaɗa farar ƙasa a daɓen. Mai kula da kaji ya riƙa fara ba masu lafiya abinci kafin ya je wurin marar lafiya, sannan ya wanke hannu.

Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa rigakafin Niyukasul, har da nau'in I-2 mai jure zafi wanda ake ɗigawa a ido, wanda ya dace da kajin gida. Ana maimaita shi duk bayan wata uku zuwa huɗu, kuma kariyarsa takan kankama ne bayan mako ɗaya zuwa biyu, don haka a Maiduguri ya kamata a yi zagaye ɗaya a watan Oktoba ko farkon Nuwamba kafin iskar hunturu ta taso. Ba a yi wa kaza marar lafiya rigakafi. Wadda ta warke sai ta mayar da jikinta tukuna, sannan a haɗa ta da sauran a zagaye na gaba.