Zomonka Ya Daina Cin Abinci? Duba Haƙoransa

'Yan uwa ɗalibai, da yawa daga cikinmu muna kiwon zomaye a gida, amma ba kowa ya san cewa haƙoran zomo ba sa daina tsiro ba har ya mutu. Babban zomo yana da haƙora 28: shida a gaba, 22 kuma turame ne na tauna. Na gaban suna ƙara tsawon kimanin milimita 2 a kowane mako. Abin da ke rage musu tsawo shi ne gogayyar na sama da na ƙasa yayin da zomo ke tauna ciyawa.

Idan haƙoran ba su haɗu daidai ba, sai gogayyar ta tsaya, tsiro kuwa ya ci gaba. Na gaba na ƙasa su miƙo waje, na sama su lanƙwashe cikin baki. Turame kuma su yi tsini, na ƙasa su yanki harshe, na sama su yanki kunci. Ga abinci a gabansa, amma yunwa ta kashe shi.

Me ke jawo haka? Wani zomon gado ya yi: an haife shi muƙamuƙinsa na ƙasa ya fi na sama tsawo. Wani faɗuwa ya yi, ko ya saba cizon wayar keji har haƙori ya goce. Amma sau da yawa laifin abincin da muke ba su ne. Dusa da ragowar tuwo suna cika ciki, sai dai ba sa buƙatar doguwar tauna, don haka ba sa goge haƙori.

Alamomin da za mu lura da su sun haɗa da dalalar miyau har haɓa ta jiƙe, rama, hawaye, kumburi a muƙamuƙi, da raguwar kashi. Zomon da ya yi awa 12 bai ci komai ba yana cikin haɗari, domin hanjinsa na iya tsayawa da aiki.

Kada mu ɗauki filaya ko abin yanke farce mu ce za mu datse haƙorin da kanmu. Yana iya tsagewa har saiwa, ƙwayoyin cuta su shiga, ƙurji ya fito. Likitan dabbobi ne ke da na'urar goge shi, kuma akan maimaita bayan 'yan makonni, ko a cire haƙoran gaban gaba ɗaya.

Namu aikin shi ne ciyawa da harawa su zama mafi yawan abincinsa, dusa ta zama ƙari kawai. Mu ɗaga leɓensa mu duba kowane mako. Wanda ya gaji matsalar kuma, kada mu bar shi ya hayayyafa, don kada 'ya'yansa su sha wahalar da ya sha.