Zakaru nawa suka isa gida ɗaya?

Ɗan'uwa manomi, in safiya ta yi, fito tsakar gida ka ƙidaya kajinka. Mata nawa ne? Zakaru nawa ne? A gidaje da yawa, daga Tawa har Damagaram, za ka tarar da kaji mata 8 da zakaru 5 ko 6. Mai gida yana ganin dukiya ce. Amma yawan zakaru hasara yake jawowa.

Me ya sa zakaru ke yawa?

Kaza tana kwanci kwana 21. In ta ƙyanƙyashe ƙwai 10, kusan rabin ƴan tsakin maza ne. Suna ƙanana ba su damun kowa. Da sun kai wata 5 ko 6 sai su fara cara, su fara bin mata. Daga nan rigima ta soma.

Ɓarnar da suke yi

Ta farko, faɗa. Hausawa sun ce ba a sarki biyu zamani ɗaya. Zakaru ma haka suke: babba ɗaya ne, sauran na ƙasa da shi. Kullum na ƙasa yana neman ya hau. Suna saran juna a zanko da ido, suna suka da tsinin nan mai kama da ƙaya da ke bayan ƙafa. Wani ya rasa ido, wani miki ya kashe shi. Wanda aka ka da kuwa ba ya samun kusantar abinci, sai ya rame.

Ta biyu, wahalar mata. Zakaru 3 ko 4 su riƙa hawan kaza ɗaya. Gashin bayanta da na ƙeyarta ya tsige, fata ta yi rauni. Kazar da ake kora ba ta kiwo sosai, ba ta ƙwai sosai. Sau da yawa ma wannan zakara yana hawa, wancan ya zo ya ture shi. Shi ya sa gidan da zakaru suka yi yawa bai rasa baragurbi.

Ta uku, hatsi. Zakara babba, in kai ke ciyar da shi har ya ƙoshi, yana cin wajen tiya 1 a wata. Zakaru 5 da ba ka bukata, tiya 5 ke nan. Cikin wata 8 na rani sun ci tiya 40, wato buhu ɗaya na kilo 100. Zakara kuwa in ya gama girma, ƙarin hatsi bai ƙara mashi kuɗi sosai a kasuwa.

Lissafin da za ka riƙe

Zakara 1 ya ishi kaji mata 10. In matanka 20 ne, riƙe zakaru 2. In 30 ne, riƙe 3.

Kada ka ji tsoron ƙwai zai lalace don zakara bai hau kaza kullum ba. Hawa ɗaya yana sa ƙwan da za ta yi har wajen kwana 10 ya zama mai ƙyanƙyashewa. Ka kuma sani, kaza tana yin ƙwai ko babu zakara. Wannan ƙwan na ci ne da na saidawa, ba ya fitar da ɗan tsako.

Wane za ka riƙe?

Zaɓi mai faɗin ƙirji, mai ƙafafu miƙaƙƙu, mai jan zanko da ido garau. Duba halinsa kuma. Zakaran kirki in ya tono abinci yana kiran mata su ci, in ya hangi shaho ko shirwa yana yin kuka su ɓuya. Wanda ke saran yara ko yake ji ma mata rauni, wuƙa ce maganinsa.

Kada zakara ya wuce shekara 2 a gidanka yana hawan ɗiyansa da jikokinsa. Iri yana lalacewa: ƴan tsaki su fito ƙanana, su yi ta mutuwa. Yi musanya da mutumin wani ƙauye.

In zakaru 2 ko 3 za su zauna tare

1. Waɗanda suka tashi tare tun suna ƴan tsaki sun fi zama lafiya, don kowa ya san matsayinsa.

2. Ba su fili. Matsi cikin ƙaramin akurki shi ke ƙara faɗa. Bar wurin da wanda aka kora zai ɓuya, kamar gindin rumbu ko bayan zana.

3. Aje kaskon ruwa 2 ko 3, nesa da juna. Watsa dusa da tsaki wuri biyu, don babba kada ya tare duka.

4. In faɗa ya kai ga jini, raba su nan take. Wanke raunin da ruwa mai tsabta da ɗan gishiri. Ware mai raunin har ya warke, don kaji in sun ga jini sara suke yi.

5. Samarin zakarun da kake son turkawa, kai su akurki nasu daban inda ba su ganin mata. Faɗa yana raguwa, kuma suna yin nama.

Sabon zakara

In ka sayo zakara a kasuwa, kada ka sake shi cikin kajinka ran nan. Ware shi sati 2, nesa da sauran, da kaskon ruwansa daban. Annobar kaji da likitocin bisashe ke kira Niyukasal sau da yawa ta wannan hanya take shiga gari. Alamunta su ne koren zawo, numfashi da ƙyar, da murɗewar wuya. Ba ta da magani, sai rigakafi. In sati 2 sun cika lafiya lau, kife shi da kwando tsakar gida kwana 2 ko 3, su saba ganin juna kafin ka sake shi.

Yaushe za a saida sauran?

Saida su suna wata 6 zuwa 8. Ka nufi lokacin da ake neman kaji, kamar gab da Salla. Kada ka jira ɗari ya shigo sosai, don lokacin hunturu annobar ta fi kashe kaji, kowa ya ruga kasuwa da nasa, kuɗi su faɗi. Abin da ka samu, cire na rigakafin waɗanda suka rage, ka nemi likitan bisashe na yankinku tun kafin iska ta taso. Saura ka sayi kaji mata.

Kai da ka iya karatu, karanta ma uwargida wannan takarda, don ita ta fi sanin kajin gidan. Ku ƙidaya tare, ku zaɓi zakaran da zai zauna tun kafin ranar kasuwa mai zuwa.